Kyautar saƙa da ɗinkin hannu: har yanzu ana ganin darajarta kuwa?

Maman Hanif: Assalamu alaikum 'yan gida, barkanmu da sanyi. Dan Allah ina son jin ra'ayinku akan wani abu da yake ta cina a rai tun ranar Asabar. Ƙawata ce ta haihu, tun cikin bai tsufa ba na fara mata saƙa, riga da wando da hula da safa da shawul babba, duk da kwarashi, kullum sai yara sun yi barci nake zama wani lokacin ma da fitilar waya in an ɗauke wuta. Ranar suna na kai mata, ita kam ta yi murna wallahi har ta rungume ni, amma ina zaune a falo sai na ji wata cikin dangin mijin tana cewa wai "ita ƙawar tata da ake ta faɗa abin da ta kawo kenan, ko turmi ɗaya babu?" Ban ce komai ba amma har na dawo gida jikina a sanyaye. Yanzu ga ƙanwar maigidana ita ma ta kusa, na riga na sayi ulu, shine nake tunanin ko in haƙura in sa kuɗi a ambulan kamar kowa. Me kuka gani?

Anti Binta Gangare: Wa alaikumussalam. Ki yi haƙuri Maman Hanif, matar ba ta kyauta ba ko kaɗan. Amma zan faɗa miki inda matsalar take ko da ba zai yi daɗin ji ba. Mu nan biki bashi ne, in kin kawo turmi ana rubutawa, in kin kawo kuɗi ana rubutawa, ranar naki a buɗe littafi a mayar miki har da ɗori. To saƙa fa nawa za a rubuta? Mai riƙe da biro ba ta san kuɗin ulu ba balle daren da kika raba, shi yasa take ganin kamar ba ki kawo komai ba. Ni in zan kai irin wannan sai in haɗa da ɗan abu ko sabulu da omo ne, wannan na littafi, saƙar kuma in ba mai jego a ɗaki hannu da hannu.

Hajiya Babba: Binta ni fa ban yarda da wannan ba. Yanzu sai yarinya ta ɓoye aikin hannunta kamar ta yi abin kunya? Mai raina kaɗan ɓarawo ne, kuma wannan ma ba kaɗan bane. Mu lokacinmu in mace ta shigo gidan suna da saƙa ai zagaye ta ake yi ana ɗagawa ana duba ɗinkin, wacce ta iya ana ji da ita a unguwa. 'Yata ki ci gaba da abinki.

Anti Binta Gangare: Hajiya ba ɓoyewa nake nufi ba, kare mata zuciya nake so a yi. Lokacinku daban namu daban, yanzu gwanjo ya cika kasuwar Katako ta nan Jos, da kuɗi kaɗan za ki kwaso rigunan sanyin jarirai cike da leda, idon mutane ya saba ganin abin da arha.

Maman Hanif: Gaskiya Anti Binta abin da kika faɗa na littafi bai taɓa zuwar min a rai ba. Nagode.

Mama Ladi Bukuru: Sannunku 'yan uwa. Ni a zumuntar mata na koyi saƙa tun ina sabon aure, wata tsohuwa ce take koya mana bayan an tashi taro, kowa da kibiyarta biyu da ɗan ulu a jaka. Lokacin a babbar kasuwar Taminus muke sayen ulu kafin ta ƙone a 2002, akwai layin da in kin shiga ba abin da za ki gani sai zare kala kala. Abin da zan ce Maman Hanif, mu a Jos saƙa ba kwalliya bace kawai, garin nan yana kan tudu sama da mita 1,200, daga Disamba zuwa Janairu kowa ya san yadda asuba take, sannan ga sanyin damina na Agusta. Jaririn da aka haifa yanzu hula da safa sun fi masa atamfa amfani nesa ba kusa ba. Atamfar uwa ce za ta ɗaura, shi kuma yaron me ya samu? Ki bar wannan mata da maganarta, bayan kwana biyu in ta je gidan za ta tarar da shi a cikin shawul ɗinki.

Hajiya Babba: Allah ya miki albarka Ladi, kin faɗi abin da yake bakina.

Ummi: Dan Allah iyayena kar ku ji haushina, zan faɗi ta ɓangaren wanda ake ba kyautar. Lokacin bikina gwaggona ta ɗinka min zanin gado da hannu, farin yadi ne ta yi masa ɗawisu biyu a tsakiya da fulawoyi ja da ruwan ɗorawa a gefe, rigunan filo kuma ta rubuta "Allah ya ba da zaman lafiya". Na san ta sha wahala dan idonta ma ba ya gani sosai yanzu. Amma wallahi bai shiga da komai na ɗakina ba, labulayena da kafet duk ruwan toka ne, masu jere ma suka ce a ajiye shi. Yana cikin sif har yau a ledarsa, kuma duk sanda ta zo sai na ga tana satar kallon gadon, ba ta taɓa tambaya ba amma ina gani. Abin yana damuna sosai. Shine nake cewa masu yin kyautar su ma su riƙa tambaya kafin su fara, dan kar wahalarsu ta ƙare a cikin sif.

Hajiya Babba: Ummi ki ciro shi ki shimfiɗa. Labule ne zai hana ki faranta wa 'yar uwar ubanki? Ɗakin naki ne ko na masu jere?

Ummi: Hajiya na ji, in sha Allah. Amma maganar tambaya fa, ba ki ce komai akai ba.

Hajiya Babba: A nan kam kina da gaskiya, ban musa ba.

Mama Ladi Bukuru: Ummi ta faɗi abu mai muhimmanci. Ni yanzu ba na fara wa kowa saƙa sai na tura hoton ulu a waya na ce zaɓi. Wasu suna cewa ai kyauta bazata ce, to bazatar da za ta cinye miki wata guda a kuma ajiye ta a akwati ina amfaninta. Kuma Ummi ba dole sai kullum ba, ranar Sallah ko ranar da kika san za ta zo ki shimfiɗa, ki ɗauki hoto ki tura mata. Mu masu yi ba godiyar baki muke jira ba, so muke mu ga abin a jikin mutum ko a kan gadonsa, ko da ya koɗe ya yage wallahi ya fi mana daɗi akan mu ganshi sabo fil bayan shekara biyar.

Maman Hanif: Wannan haka yake Mama. To na yanke shawara, zan yi wa ƙanwar maigidan saƙarta, yanzu ma na tura mata hoton ulun ta ce mai ruwan madara take so, zan kuma haɗa da ɗan abin littafin kamar yadda Anti Binta ta ce. Ku ci gaba ina biye da ku.

Baban Sadiq: Salamu alaikum, a ba maza ma dama su sa baki. Ni ina da hula da mahaifiyata ta ɗinka min da hannunta, Allah ya jiƙanta, ita ce abu na ƙarshe da ta gama kafin ciwo ya kwantar da ita. Na tuna tana zama a bakin ƙofa da yamma inda haske ya fi, zaren a rataye a wuyanta kala kala, in ta zo sa zare a allura sai ta kira jika. Akwai wani waje a bayan hular da zaren ya ƙare mata ta ci gaba da wani shuɗin da bai yi daidai da na farko ba, in ba ka kula sosai ba ba za ka gani ba, ni kuwa duk sanda na ɗauko nan nake fara dubawa. To ni dai ba na sa ta. Sau ɗaya a shekara in fito da ita in kakkaɓe in mayar. Mama Ladi ki yi haƙuri amma akwai kyautar da ba a iya bari ta tsufa, in ta lalace wa zai sake min wata?

Hajiya Babba: Allah ya jiƙanta da rahama, ya sa aljanna ce makoma.

Anti Binta Gangare: Amin ya Allah. Kai Baban Sadiq ka sa ni hawaye.

Mama Ladi Bukuru: Allah ya ba ka haƙuri ɗan uwa. Naka daban ne, ban ce komai ba. Amma da tana raye na tabbata so za ta yi ta ganka da ita ranar Juma'a.

Baban Sadiq: Ta gani Mama, na sa mata ita a Sallar da ta rage mata, ta kama kaina tana gyara min zamanta. Bayan nan ne na ajiye.

Malam Sani Tela: Allah ya gafarta mata. Alhaji in za ka ajiye ta ka kula da abu biyu, kar ka naɗe ta a leda dan danshin damina yana sa ta yi fumfuna, ka sa ta a farin ƙyalle na auduga, kuma kar ka danne ta da kaya. Tunda an zo maganar hula bari in ɗan yi bayani dan mutane da yawa ba su san hannu nawa take bi ba. Mai zane ne zai fara zana ta akan farin yadi, sannan mai ɗinki ta bi zanen da allura ɗaya bayan ɗaya, ƙananan idanun nan da kuke gani a jiki kowanne sai an zagaye shi da zare, sannan a ɗinka saman daban a haɗa, sannan a kai wanki a sa mata sitaci a ɗora a kan itace ta bushe ta tsaya. Mai kyau irin ta Bama tana cin makonni, wata ma watanni in aikin ya yi laushi sosai. Kuma bayan Boko Haram sun shiga Bama a 2014 mutanen garin da suka gudo Maiduguri da yawansu da ɗinkin hular nan suka riƙe kansu da 'ya'yansu a sansanin gudun hijira, mata da 'yan mata. Dan haka in wani ya ɗinka maka ya ba ka kyauta ka san ba ƙaramin abu ya ba ka ba.

Baban Sadiq: Nagode Malam, a leda take kuwa, yau zan canza.

Ummi: Malam Sani ya ake gane aikin hannu da na inji? Dan yanzu kowa sai ya ce maka na hannu ne.

Malam Sani Tela: Ki juya bayansa ki duba ƙanwata. Na inji za ki ga zaren ƙasa, yawanci fari ko wani kala daban, yana bin ko'ina a jere tsaf, wani har da wata farar takarda da ake liƙawa a baya. Na hannu kuwa zare ɗaya ne yake shiga yake fita, za ki ga inda aka ƙulla da inda aka ɗauko sabo, kuma in kin ƙura ido ba duka ɗinkin ne girmansa ɗaya ba. Haka ake duba babbar riga ma, su aska biyu da aska takwas da ake yi a Zariya, ki duba cikin wuya da bayan aljihu. Na da ma da zaren tsamiya ake yi, wanda ake samu daga gidan wata tsutsa, a dafa shi a kaɗa, shi yasa rigunan kakanni suke da wannan launin ƙasa ƙasa mai laushi. Ni kaina da inji nake aiki, shi yake ciyar da ni, amma ba zan ce daidai suke ba.

Mama Ladi Bukuru: Ƙari akan na Malam, saƙar kibiya akwai injinta, yawancin suwaitar 'yan makaranta da shi ake yi. Amma saƙar kwarashi ta gaske har yau da hannu ake yinta, in kin ga shawul na kwarashi ko a kanti ne to wani ne ya zauna ya yi shi ƙulli bayan ƙulli.

Sista Rahila: Barkanku, yanzu na sauko daga aiki na tarar da hira ta yi nisa. Ni abin da zan ƙara na jarirai ne dan muna gani. Masu yi wa jariri saƙa dan Allah a daina sa ƙananan maɓallai da duwatsun ado, yaro yana fara kai hannu baki zai cisge. Igiyar wuya mai tsawo a hula ko riga ita ma a bari. Sai safa, ku juya cikinta ku yanke duk zaren da yake reto, siririn zare ko gashi yana iya naɗe ɗan yatsan ƙafa ya shaƙe shi ya kumbura, yaro yana ta kuka uwa ba ta san dalili ba. Kuma iyaye mata sanyi ba shi ne a lulluɓe yaro har fuska ba, in zai yi barci a kwantar da shi a rigingine, a cire shawul mai kauri daga kusa da hancinsa, ki taɓa ƙirjinsa ko bayan wuyansa in kin ji gumi to kayan sun yi yawa.

Maman Hanif: Sista nagode, na kan sa ɗan ribon a wuyan riga dama, zan daina.

Maman Iman Kubwa: Ni ina Abuja amma 'yar Rikkos ce, kar a cire ni haha. Mamana duk haihuwa sai ta aiko min da saƙa a mota kamar har yanzu ina Jos, mu kuwa nan in zafin Maris ya zo ko singileti yaro ba ya so. Na rasa yadda zan faɗa mata kar ranta ya sosu, sai dai in mun zo gida hutun Disamba in sa musu ta gani, wasu ma kafin lokacin sun musu kaɗan.

Mama Ladi Bukuru: Ki faɗa mata ta canza zare ne kawai 'yata, ba sai ta daina ba. Yawancin abin da muke kira ulu a kasuwa ba gashin tunkiya bane, na roba ne, shi yasa yake riƙe zafi kuma in dutsen guga ya taɓa shi sai ya narke ya yi sheƙi. Akwai zaren auduga, da shi za ta yi musu 'yar riga mara hannu ko takalmi ko abin shimfiɗa, ya dace da garinku. Kuma tunda an zo nan, wanki: ruwan sanyi, sabulu kaɗan, kar a murɗe, a naɗe a tawul a matse sannan a shimfiɗa a inuwa. In kika rataye a igiya da ruwa a jiki zai zazzago ya yi tsawo ba zai koma ba. Na gashin tunkiya na gaske kuma ruwan zafi yana sa shi ya tsuke, shi ne kuma asu yake ci, a sa masa kafur in za a ajiye amma a wanke a shanya sosai kafin a sa wa yaro.

Sista Rahila: Kafur kam a nisanta shi da kayan jarirai gaba ɗaya Mama, yana iya jawo musu shawara mai tsanani, musamman sababbin haihuwa.

Mama Ladi Bukuru: To kun ji daga bakin masu aikin, a bi na Sista.

Zainab Anguwan Rogo: Ni fa tun ɗazu ina karantawa ina jira a taɓo inda yake min ciwo ba a taɓo ba. Kyauta daban, roƙo daban. Ni saƙa sana'ata ce da ita nake biya wa yarana kuɗin makaranta, amma dangi sun mayar da ni kamar wacce ba ta da aikin yi, wannan ta ce Zainab ai ke kin iya ki ɗan yi min na ɗiyata, waccan ta turo hoto daga intanet ta ce irin wannan sak take so kafin Juma'a, ko kuɗin ulu ba mai bayarwa, in kin ce a kawo kuɗin zare sai a ce kin cika son kuɗi ba kya zumunci, kuma su ɗin nan in suka je kanti ba sa neman ragi haka. Wanda na yi niyya da kaina na ba shi wannan daga zuciyata ne ina jin daɗinsa, amma wanda aka matsa min wallahi ko ina yi raina ba ya so.

Anti Binta Gangare: Zainab kin faɗi gaskiya, har ni ina cikin masu cewa "ki ɗan yi min". Daga yau in na turo hoto zan turo da kuɗin zare da na aiki.

Hajiya Babba: Amma dai Zainab kar sana'a ta sa a rufe ƙofa gaba ɗaya, akwai 'yar uwar da ba ta da shi da gaske.

Zainab Anguwan Rogo: Hajiya wacce ba ta da shi ba ta ma tambaya, ni nake ganewa in kai mata. Masu tambayar sune masu shi.

Malam Sani Tela: Haka yake a wajenmu ma, musamman daren Sallah.

Ummi: Anti Zainab ni so nake in koya, ko dan in yi wa gwaggona hular sanyi da hannuna kafin sanyin nan ya wuce. Zan biya kuɗin koyo. Me zan saya?

Zainab Anguwan Rogo: Ki zo ranar Lahadi bayan la'asar, zan turo miki kwatance ta akwatinki. Ki sayi kwarashi mai lamba 4 ko 5, kar ki ɗauki siriri, da ulu dunƙule biyu mai ɗan kauri. Kuma ki zaɓi mai haske, fari ko ruwan madara, baƙi da shuɗi mai duhu ba a ganin idon saƙar sai ki yi ta ɓata. Kafin nan ki auno min zagayen kanta da tef ko da igiya.